Hanyar zuwa shelem a wasan birij: auna hannu tukuna, tambayar as daga baya

Duk wanda ya zauna a fadar da ake buga belot a Yamai ya san daɗin kapo, inda za ka kwashe ɗauka takwas duka ka bar abokan hamayya hannu rabbana. A birij ɗan'uwan kapo shi ne shelem. Katuna 52 ne, kowa yana riƙe da 13, saboda haka ɗauka 13 ake yi a kowane rabo. Ƙaramin shelem alkawari ne na cin 12, babban shelem kuwa na cin 13 ɗin gaba ɗaya. Garaɓasarsa ba ta zuwa sai ga wanda ya yi alkawarin tun a wurin tayi. In ka tsaya a 4♠ ka ci 12, sannu da ƙoƙari kawai za a ce maka.

Na ɗauka ka riga ka iya tayi na yau da kullum, kuma kana bin tsarin da ya fi yawa a littattafan Faransanci: buɗe 1♥ ko 1♠ da katuna biyar, 1SA (sanzatu) da maki 15 zuwa 17. Zan rubuta manyan katuna kamar yadda suke a kartar da muke saye a kanti: R sarki, D dam, V bale, sai A na as. Ɗan belot ya manta da abin da ya saba. A nan bale na atu ba kowa ba ne, tara ba ta da wani matsayi, goma kuma a ƙarƙashin bale take.

Yawancin shelem da nake gani yana faɗuwa laifin abu guda ne: mutum ya ga hannunsa ya yi kyau, zuciya ta ɗebe shi, ya yi tsalle zuwa 4SA yana tambayar as. Tambayar as ita ce matakin ƙarshe. Aikinta ta hana ka shiga shelem mara kyau. Ba ta gaya maka ko kana da ɗauka 12.

Da farko, san abin da kake sayarwa da abin da kake saye

A lissafin gasa, wanda ya kira 4♠ ya ci 12 yana samun 480 in yana kore, 680 in yana ja (ja shi ne matsayin da garaɓasa da tarar faɗuwa suka fi girma, kore kuwa wanda suka fi ƙanƙanta). Wanda ya kira 6♠ ya cika yana samun 980 a kore, 1430 a ja. Ribar ke nan: 500 ko 750. To in ya faɗi da ɗaya fa? A kore ya rasa 450 ɗin da ke hannunsa, an kuma ci shi tarar 50, jimla 500. A ja ya rasa 650 da tarar 100, jimla 750. Riba da asara sun yi kunnen doki. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin shelem ya cancanci kira in damar cikarsa ta kai rabi ko ta wuce. Wanda ya dogara da impas guda ɗaya tak, wato ko sarkin da ya ɓace yana dama ko hagu, yana bakin iyaka. Wanda ke buƙatar impas da kuma rabuwar atu 3-2, wadda ke zuwa kusan kashi 68 cikin 100, ya sauko zuwa wajen kashi 34, bai cancanta ba.

Babban shelem lissafinsa daban ne. A ja, 7♠ na kawo 2210, alhali 6♠ da ƙarin ɗauka ɗaya na kawo 1460. Ribar 750 ce. In ya faɗi, ka zubar da 1430 ka ƙara 100. Kana jefa 1530 don neman 750, sai damar ta kai biyu cikin uku kafin cinikin ya biya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na ɗaya: maki, da inda suke faɗin gaskiya

Ƙidayar 4-3-2-1 (as huɗu, sarki uku, dam biyu, bale ɗaya) ana danganta ta da Milton Work, Charles Goren kuma ya yaɗa ta a Amurka har ta game duniya. Maki 40 ne a karta duka. Ƙa'idar ita ce 33 tsakaninka da abokinka don ƙaramin shelem, 37 don babba. Dalilin waɗannan lambobi ba ɓoyayye ba ne. In kuna da 33, abokan hamayya na da 7, as biyu kuwa 8 ne, ba za su riƙe biyu ba. In kuna da 37, saura 3, ba as ko ɗaya a waje. Amma lura, 7 na iya zama as da sarki na launi guda, a ci su a jere tun fitar farko. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa.

Inda wannan ƙidaya ke aiki sosai shi ne hannu biyu masu daidaito, 4-3-3-3 ko 4-4-3-2, da za a buga a sanzatu. A nan ba yanka, ba dogon launi, manyan katuna ne kaɗai ke cin ɗauka. Abokinka ya buɗe 1SA, kai kana da:

♠ R D 4 ♥ A V 6 ♦ R 9 5 2 ♣ R 8 3

Maki 16. In yana da 17 kun kai 33, in yana da 15 ba ku kai ba. Kiran da ya dace shi ne 4SA, kuma a nan ba tambayar as ba ce, gayyata ce: in kana sama ka tafi 6SA, in kana ƙasa ka yi shiru. Mai 16 ya duba ko yana da launi mai katuna biyar ko goma-goma da tara-tara masu cike giɓi, in akwai ya tafi. Da 18 ko 19 kai da kanka za ka kira 6SA ba tare da shawara ba. Haka ma bayan Stayman ko Texas (kiraye-kirayen neman atu a ♥ ko ♠ bayan 1SA), muddin ba ku amince da wani launi a matsayin atu ba, 4SA gayyata ce. Ku zauna da abokinka ku tabbatar da wannan tun kafin a raba karta, domin rikicin da ya fi tashi tsakanin abokai biyu a tebur shi ne ɗaya ya yi gayyata, ɗayan ya amsa masa da adadin as.

Mataki na biyu: maki ba su da nauyi ɗaya

Ga hannu biyu, kowanne maki 14, kowanne da pik biyar:

Na farko: ♠ A R 10 8 4 ♥ A 7 3 ♦ R 9 2 ♣ 6 5
Na biyu: ♠ D V 6 4 3 ♥ R V ♦ D V 2 ♣ R V 5

Don 3SA na biyun ba laifi. Don shelem bai kai rabin na farko ba. A shelem sau ɗaya kawai aka yarda ka saki hannu, dam da bale kuwa sai an zagaya sau biyu kafin su yi magana. Ƙidayar 4-3-2-1 tana rage wa as daraja, tana ƙara wa dam da bale, kuma wannan kuskure yana girma ne gwargwadon yadda kwangila ke hawa. Shi ya sa gwanaye ke yin wata ƙidaya ta biyu a zuci: as biyu, sarki ɗaya, jimla 12 a karta. Ƙaramin shelem na hannuwa masu daidaito yakan so 10 daga ciki. Hannu na farko yana da 6 shi kaɗai, na biyu yana da 2.

Abubuwan da ke ƙara wa hannu nauyi: manya da suka taru a launi guda, musamman dogon launi (A R 10 8 4 ya fi A a nan, R a can), manya a launin da abokinka ya kira, goma da tara a bayan manya. Abubuwan da ke rage masa: sarki ko dam tilo, D V su biyu kacal, rabon 4-3-3-3 wanda ba ya ba da wurin yanka, da manya a launin da abokin hamayya na hagunka ya kira, tunda nasa na zaune a bayan naka.

Mataki na uku: nemi fit, sannan ka sake ƙidaya

Da zarar kun gano kuna da katuna takwas ko fiye a launi guda, wato fit, hannunka ya canja ko da yake katunan ba su motsa ba. Tsarin Faransa yana ƙara maki 1 ga launi mai katuna biyu, 2 ga tilo, 3 ga shikan (launin da ba ka da ko ɗaya), da maki 2 ga atu na tara, sannan ɗaya-ɗaya ga kowane atu bayansa. Da wannan sabuwar jimla 27 na kai ku mansh a ♥ ko ♠ (wato 4♥ ko 4♠, alkawarin ɗauka 10), 33 na buɗe maganar shelem. Atu na tara ya cancanci makinsa. Da takwas, in dam ta ɓace impas za ka yi. Da tara, buga as da sarki yakan faɗo da ita fiye da rabin lokaci, kuma atu na saura a shimfiɗa (hannun abokin mai bugawa da ake bajewa a tebur) don yanka bayan an janye na abokan hamayya.

Akwai wata hanya da na fi so in hannu ya karkace, wato ƙidayar asara, wadda Dudley Courtenay ya fito da ita a 1934. A kowane launi ka dubi katuna uku na sama kawai. Duk wanda ba as ba, ba sarki ba, ba dam ba, asara ce. Launi mai katuna biyu asararsa ba ta wuce biyu, kuma as da sarki kaɗai ake dubawa. Tilo asara ɗaya ce sai in as ne. Shikan babu asara. Ka haɗa taka da ta abokinka, ka cire daga 24, abin da ya rage shi ne ɗaukar da ake sa ran ci. Buɗewa ta talaka tana da asara 7. Bakwai da bakwai 14, daga 24 saura 10, mansh ke nan. In kai kana da 5 kuma abokinka ya buɗe, 12 ya rage, sai ka fara tunanin shelem. Ɗagawar gayyata, kamar 1♠ a amsa 3♠, tana nuna asara 8, mai buɗewa na buƙatar 4.

Kada ka riƙe ta kamar aya. Koma kan hannu biyun can na sama ka ƙirga: dukansu asara 7 suke bayarwa, alhali mun ga ba ɗaya suke ba. Hanyar tana ɗaukar dam daidai da as, wanda ba gaskiya ba ne. Gyaran da ake yi shi ne in dam ɗinka sun fi as ɗinka yawa ka ƙara asara, in as sun fi yawa ka rage. Kuma ba ta aiki sam sai an sami fit.

Mataki na huɗu: tsaro a kowane launi

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ƙarfin ɗauka 12 ba ya amfani in abokan hamayya za su ci biyu kafin ka karɓi hannu. Dole kowane launi na gefe ya kasance da mai tsaronsa a ɗayan hannuwanku. Tsaro na farko shi ne as ko shikan. Tsaro na biyu shi ne sarki ko tilo.

Bayan an amince da atu kuma an san ba za a tsaya ƙasa da mansh ba, kiran sabon launi sama da uku na atu ba neman wasa a wannan launi ba ne. Cewa ne: ina da tsaro a nan, kuma shelem na raina. Ana hawa ne daga launi mafi arha. Wanda ka tsallake, ka ce ba ka da tsaro a cikinsa. Salon ƴan Italiya, wanda yawancin masu gasa ke bi yanzu, yana nuna na farko da na biyu ba bambanci, a bar wa 4SA aikin tantance adadin as daga baya. Komawa ga atu na nufin ba ni da abin ƙarawa.

Ga misali. Kana riƙe da:

♠ A R D 8 6 3 ♥ R D 4 ♦ 7 2 ♣ A 5

Ka buɗe 1♠, abokinka ya ce 3♠. Asararka 4 ce: babu a pik, ɗaya a ker, biyu a karo, ɗaya a tirefil. Lissafi ya ce 12 na iya samuwa. Yanzu dubi hannu biyu da zai iya riƙewa:

Na farko: ♠ V 9 5 4 ♥ A 8 3 ♦ D 6 ♣ R 9 7 2
Na biyu: ♠ V 9 5 4 ♥ A 8 3 ♦ 6 ♣ R 9 7 4 2

In ka yi tsalle zuwa 4SA, amsa ɗaya za su ba ka: as guda. Da na farko, mai maki 10, za a ci as da sarkin karo a buɗe ido, ka faɗi kafin shayi ya huce. Da na biyu, mai maki 8 kacal, shelem a kwance yake: pik shida, ker uku, tirefil biyu, sai karo ɗaya da za ka yanka a shimfiɗa, 12 cif. Tambayar as ba ta iya raba maka waɗannan biyu. Abin da zai raba su shi ne ka ce 4♣. Mai hannu na farko zai ce 4♥, ya tsallake karo, kai kuma ba ka da tsaro a can, sai ka tsaya a 4♠ hankali kwance. Mai hannu na biyu zai ce 4♦, ƙofar da kake tsoro ta rufu, yanzu ne 4SA ta halatta.

Daga wannan misali ka ɗauki doka: mai ƙananan katuna biyu ko uku a launin da ba wanda ya nuna tsaro ba ya tambayar as. Mai shikan ma haka, domin in aka ce masa as ɗaya bai san ko mai amfani ba ne ko wanda ya faɗa kan shikan ɗinsa.

Abu biyu da za a kiyaye. Sarki tsaro ne cikakke in yana hannun mai bugawa, tunda fitar farko za ta zo masa a ƙarshe. In yana shimfiɗa kuwa, ana iya ratsa shi tun katin farko, rabin tsaro ne. Na biyu, kada tsaron da za ka fara nunawa ya zama tilo a dogon launin abokinka. Zai ɗauka sarki ne, ya ƙirga ɗauka biyar a launin da ba za su zo ba.

Mataki na biyar: nuna gajeren launi da tsalle

Wannan kira, da ake ce wa sifilinta, yana cikin mafi amfani da aka ƙirƙiro, kuma sunan Dorothy Hayden na Amurka na cikin waɗanda ake dangantawa da shi. Abokinka ya buɗe 1♥, ka yi tsalle biyu zuwa 4♣. Ma'ana: ina da ker huɗu ko fiye, ƙarfin mansh, da tilo ko shikan a tirefil. A kira guda ka ba shi abin da zai auna hannunsa da shi. A ce kana da:

♠ R 8 4 2 ♥ R V 7 4 ♦ A V 5 3 ♣ 7

Shi kuma ɗaya daga cikin waɗannan, kowanne maki 15:

Na farko: ♠ A 5 ♥ A D 9 6 3 ♦ R D 4 ♣ 8 6 2
Na biyu: ♠ A 5 ♥ A D 9 6 3 ♦ 8 6 2 ♣ R D 4

Karo da tirefil kawai aka musanya. Da na farko: pik biyu, ker biyar, karo huɗu, yanka ɗaya na tirefil, 12 ke nan da maki 27 kacal tsakaninku. Da na biyu, sarki da dam na tirefil sun zauna gaban tilo suna cin albashi ba aiki, karo kuma a buɗe: 10 ko 11 za a ci. Saboda haka mai amsa sifilinta ya dubi launin da aka nuna. Ƙananan katuna uku ko huɗu, ko as da ƙanana, labari ne mai daɗi. Sarki, dam, bale, maki ne da suka zube. In ba a yi asarar komai a launin ba, kamar ana wasa ne da karta mai maki 30, kuma 26 ko 27 daga ciki sukan isa. Mai hannu na biyu ya koma 4♥ ba tare da jinkiri ba. Jinkirin ma laifi ne, domin dogon tunani kafin tsayawa yana gaya wa aboki abin da doka ba ta yarda ya yi amfani da shi ba.

Mataki na shida: yanzu ka tambaya

Easley Blackwood ya ƙirƙiro tambayar 4SA a 1933. A tsohon salonta as huɗu ake ƙirgawa: 5♣ babu ko huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. Salon da ya maye gurbinsa yana ƙirga makullai biyar, wato as huɗu da sarkin atu, domin rasa sarkin atu da rasa as kusan ciwo ɗaya ne. Amsoshin su ne 5♣ babu ko uku, 5♦ ɗaya ko huɗu, 5♥ biyu ba dam ta atu, 5♠ biyu da dam. Wannan shi ne 30-41. Wasu na juya biyun farko su yi 41-30. Kowanne na aiki, illa dai ku biyun ku kasance kan guda.

Hukuncin mai sauƙi ne. Makulli biyu sun ɓace, tsaya a biyar. Ɗaya ya ɓace, kira shida. A nan ba a yarda da sanyin gwiwa ba: in ka tambaya, aka ba ka amsar da ta nuna ɗaya ne kawai babu, sannan ka tsaya a biyar, to tun farko bai kamata ka tambaya ba. Banda guda ita ce makulli ɗaya da dam ta atu duka babu, kuma atu takwas ne kawai. Wannan shelem yakan gaza rabi, a bar shi. Don sanin dam bayan amsar 5♣ ko 5♦, ka kira launi na gaba wanda ba atu ba. In ba shi da ita ya koma atu a mataki mafi ƙasa, in yana da ita ya nuna wani sarki na gefe ko ya tafi shida. Wanda ya san atu goma ne tsakaninku ya amsa kamar yana da ita, tunda katuna uku da suka rage suna rabuwa 2-1 kashi 78 cikin 100.

Kafin ka furta 4SA, ka gwada kowace amsa a zuci ka ga ko akwai wadda za ta tura ka inda ba ka so. In atu tirefil ne, amsar 5♦ ta riga ta wuce 5♣, saboda haka a 30-41 sai kana da makulli uku da kanka. In karo ne ko ker, sai kana da biyu. A misalin sifilinta na sama, mai hannu na farko yana da as biyu da dam, da tsaro a ko'ina: ya ce 4SA, ya ji 5♥, makulli huɗu sun cika, ya rufe da 6♥.

Wa ya kamata ya tambaya? Wanda amsa za ta ba shi damar ƙirga ɗauka, galibi mai dogon launi mai ƙarfi ko mai sarakuna da dam. Mai as da yawa ba tare da tsoka a tsakani ba gara ya nuna tsaro ya bar abokinsa ya yi tambayar. In abokin hamayya ya tsoma baki bayan 4SA, yarjejeniyar da aka fi sani ita ce kontir (kiran ninka lada da tarar faɗuwa) na nufin babu, pas na nufin ɗaya, kira na gaba biyu.

Bakwai, da zaɓen wurin sauka

5SA bayan amsa tana tabbatar wa aboki cewa makullai biyar da dam duk suna gida, tana kuma tambayar sarakunan gefe. Ba a yin ta don a ji daɗi. Shawarata ga babban shelem ita ce kada ka kira shi sai ka iya ƙirga 13 da yatsa. Da

♠ A R D V 7 4 ♥ A 3 ♦ R D V 5 ♣ A

in aboki ya goyi bayan pik ya kuma nuna as na karo, kana da shida, ɗaya, huɗu, ɗaya, 12. Sarkin ker ko na tirefil ya cika 13. Kuma tunda ba ka buƙatar yanka ko ɗaya, 7SA ta fi 7♠ aminci, ba wanda zai yanke maka fitar farko.

A shida ma zaɓin yana da muhimmanci. Fit na 4-4 yakan ba da ɗauka ɗaya fiye da na 5-3, domin a kan dogon launin gefe kake zubar da asara sannan ka yanka. 6SA ta dace in ɗauka 12 na nan ba yanka, ko in kana son kare sarkin da ke hannunka, kuma a gasar bibbiyu 990 ta doke 980. Shelem na tirefil da karo su ne marayu. Mutane na ganin 3SA su yi zamansu, su ci 12 su rubuta 490 ko 690, alhali 6♣ na ba da 920 ko 1370. In kana da fit a ƙaramin launi da as-as da gajeren launi, wuce 3SA ka ce 4♣ ko 4♦. A irin wannan wuri kiran tilas ne, kuma gayyatar nuna tsaro ce.

In kai ne a ɓangaren tsaro, kontir a kan shelem da aka kira da niyya ba na haushi ba ne. Theodore Lightner ya ba shi ma'ana tun 1929: abokina, fito da launin da ba a zata ba, galibi wanda mai shimfiɗa ya fara kira, ina da shikan zan yanka. Wanda ya yi kontir don kawai yana riƙe da dam da bale na atu ya nuna wa mai bugawa inda zai yi impas.

Yadda za ku horu ku biyu

Shelem ba ya zuwa sau da yawa a dare guda, shi ya sa ba a ƙwarewa da shi ta wasa kawai. Ba sai kun cika huɗu ba, kuma a Yamai haɗa mutum huɗu da suka iya birij a yamma ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Ku biyu kun isa. Ku ware as, sarki, dam da bale 16, ku cire uku ko huɗu a rufe ba ku gani ba, ku cika sauran da ƙananan katuna har 26, ku gauraya ku raba 13-13. Ku yi tayi ba magana, sannan ku baje hannuwan ku ƙirga ɗauka da asara. Cikin awa ɗaya za ku ga hannun shelem fiye da na wata guda a tebur. In lokacin hunturu ne ku shiga ɗaki, iskar Yamai ba ta barin kati a kan tabarma. Masu intanet a waya za su sami teburin gwajin tayi a Bridge Base Online, inda ake iya saita ƙarfin hannun da za a raba.

Bayan kowane rabo ku rubuta abin da kuka saɓa a kai a takarda guda da kowa zai riƙe kwafinta: 30-41 ne ko 41-30, yaushe 4SA take gayyata, tsaro na farko kaɗai ake nunawa ko har da na biyu, ƙarfin sifilinta daga nawa zuwa nawa, kuma 5SA adadin sarakuna take tambaya ko sunansu. In ba a amince da atu a fili ba aka ji 4SA bayan kiran launi, ku rubuta cewa launin da aka kira na ƙarshe shi ne atu.